Kafin Ƙwallo Ta Bar Ƙafa

Ni ba mai son ƙwallo ba ce, kuma ban taɓa ɓoye wa kowa ba. A ce manyan mutane da furfurarsu su zauna suna ihu a kan yaran da ba su ma san da zamansu a duniya ba, wannan abin bai taɓa shiga kaina ba. Amma a gasar da nake ba da labarinta, babu wasan ƙasarmu ko ɗaya da ya wuce ni. Duk a gefen kujerar Baba na saurare su, da ƙaramar waya a cinyata, igiyarta a kunnena.

Ciwo ne ya jawo haka. Baba ya yi shekaru yana aiki a wata masana'anta a Chikaji, kuma a ƙuruciyarsa shi ne golan ma'aikatan wurin. Da ya ajiye aiki abu biyu suka rage masa, waƙa a coci da kallon ƙwallo a falonsa na Sabon Gari. Wata safiya ya miƙa hannu zai ɗauki kofin shayi, kofin ya suɓuce, bakinsa ya karkace. Hawan jini ne ya buge shi. Ubangiji ya sa abin ya zo da sauƙi, ya tashi yana takawa da sanda, magana ma ta dawo, sai dai tana ɗan yi masa nauyi. Ranar da za a sallame mu, likitar ta ja ni gefe ta ce wannan gargaɗi ne, idan ya sake dawowa ba lallai mu yi irin wannan sa'ar ba. Ta ce a kula da magani, a kula da gishiri, kuma kada a bari wani abu ya faɗar masa da gaba farat ɗaya.

Mama ta riƙe wannan magana da hannu biyu. Ta raba shi da gishiri da man ja. Idan an yi rasuwa a unguwa, sai ta fara auna labarin ta ga ko zai iya ɗauka. Talabijin kuwa ta lulluɓe shi da tsohon zaninta na zumuntar mata, ta ɓoye rimot a cikin buhun masara. Baba bai yi gardama ba, don ya san matar da ya aura. Sai kawai ya rage cin abinci, ya koma zama a ƙofar gida yana kallon kwata.

Ana haka gasar ta ƙarato, ta ƙasashen Afirka, gari ya fara ɗaukar zafi. Rannan Mama ta dawo daga kasuwa ta tarar ba ya nan. Bayan ta zagaya layin gaba ɗaya, a gidan kallo ta same shi, ya matsu a kan benci tsakanin samari masu warin zufa, da sandarsa a tsakanin ƙafafunsa, ana ihu a kansa ta ko'ina. Wasan sada zumunta ne ma ake yi. Ta kira ni a waya tana haki ta ce in zo in ga ubana, so yake ya mayar da ita gwauruwa da ƙarfin tsiya. A nan na gane hanin ya fi kallon haɗari.

A Samaru nake koyarwa, a wata makarantar firamare, a can kuma nake haya. Ɗakin da ke kusa da nawa na wasu ɗalibai ne masu kallo ta dish na tauraron ɗan'adam, a ƙofar gidan kuma akwai mai shago da ba ya rabuwa da rediyo. Na daɗe da lura da wani abu da ke ba ni dariya. Duk lokacin da aka zura ƙwallo, mai shagon ne ke fara ihu shi kaɗai, sai an ɗan jima ɗaliban su ɗauka. Har faɗa suke yi da shi, wai yana ɓata musu wasa. Rediyo na riga dish, da kamar numfashi biyu ko uku. Ina kwance ina tunanin Baba sai abin ya faɗo mini a rai. Idan bazata ce ke da haɗari, to, a cire ta.

Na kai maganar gida. Sharaɗin shi ne zai kalla a falonsa, ni kuma in zauna kusa da shi da rediyon waya a kunne, in riƙa faɗa masa abin da zai faru kafin ya gani. Mama ta yi ta jujjuya zancen kafin ta amince, ta je ta tono rimot ɗin yana fari da ƙurar masara. Baba ya dube ni ya ce, "Uwata, wannan ai ba kallo ba ne, karatun jarida ne." Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa yake kira na haka. Na ce masa ko jaridar, ko zanin ya koma inda yake. Ya zaɓi jaridar.

Haka muka yi wasannin rukuni. Idan aka taso wa ragarmu, sai in ce, "Ba komai, Baba, waje za ta." Idan kuwa za ta shiga, in ce, "Ka shirya, tamu ce," ko "Ka shirya, tasu ce." Sai ya gyaɗa kai, ya jira, ya gani. Bayan kowane wasa in ɗaura masa na'urar awon jini, Mama na tsaye a kaina kamar ta san karatun abin. Dabarar ta yi aiki, jinin bai taɓa tashi yadda za mu tsorata ba. Ni har alfahari nake yi a makaranta.

A cikin waɗannan wasannin ne aka taɓa ba mu fenariti, bugun daga kai sai gola, Baba ya samu abin da yake so. Ya ce duk abin da ake yi a fili wasa ne, wannan kaɗai ne shari'a. Ya ce in bar kallon idon mai bugu, ido maƙaryaci ne, in kalli ƙafar da yake dasawa kusa da ƙwallo, don inda yatsunta suka nuna nan ƙwallon za ta. Ya ce wanda ya jingina baya lokacin bugu sama zai aika ta, wanda kuma ya yi saurin juya wa gola baya bayan ya ajiye ƙwallo tsoro ne ke cin sa. Masu ɗan tsalle da tsayawa kafin su buga kuwa, ba ya son ganinsu ko kaɗan, wai rawa ce ta kawo su. Gaskiyar magana ita ce rabin hasashen Baba ba ya fitowa daidai. Idan ya ce dama aka buga hagu, sai ya ce ai yaron ne bai iya ba, da ya iya dama zai buga.

Sai muka kai zagayen da duk wanda aka ci ya koma gida. Da la'asar za a fara. Na bar Samaru da wuri, amma kafin in sauka a Kwangila hanya ta fara yin fayau, masu keke mai ƙafa uku suna cewa ba za su ƙara ɗaukan kowa ba. Da ƙyar na samu wanda ya shigar da ni Sabon Gari. Shaguna ana ta jan ƙofofinsu. Babu wuta, saboda haka kowane gida janareta ke ruri, har ba ka jin maganar na kusa da kai. Kafin in shiga gida na tsaya wajen maƙwabcinmu, wani Inyamuri mai keke da ya taimaka mana ranar da Baba ya faɗi. Na roƙe shi ya bar wayarsa a kunne ko da za a neme shi. Ya ce, "Anti, ba wahala, Papa zai yi lafiya," ya wuce gidan kallo da rigar ƙwallo a jikinsa. Na bi shi da kallo, na san ko wayar ta fashe da ƙara ba zai ji ba.

Wasan ya yi tauri. Muka ci ɗaya, suka rama. Aka tashi kunnen doki, aka ƙara lokaci, nan ma babu wanda ya motsa, sai dai a raba gardama da bugun fenariti. Maƙogwarona ya bushe da faɗin ba komai. Da alƙalin wasa ya busa usur na ƙarshe, rana ta riga ta faɗi, na ɗaura wa Baba na'urar. Da na ga abin da ta nuna, sai na fara naɗe igiyarta. Mama ba ta iya karanta lambobin ba, amma ta iya karanta fuskata.

"A kashe," in ji ta. "Maigida, ya isa haka. Gobe ka ji sakamako."

Baba ya tura rimot ƙarƙashin cinyarsa ya zauna a kai. "Ki kashe, in ɗauki sandata in tafi gidan kallo."

"Ka tafi mana, in bi ka da makara!"

Na shiga tsakani. Na ce ya sha maganinsa na yamma yanzu, ya jingina, ni kuma zan ci gaba da faɗa masa kowane bugu tun kafin a buga. Mama ta kawo ruwa a kan tire, ta tsaya a bakin ƙofar falo da tiren a hannu, ta ƙi zama ta ƙi tafiya.

Ban san wahalar aikin da na ɗaukar wa kaina ba sai a wannan lokacin. A cikin wasa abu na wucewa da gudu, kafin in faɗa an gani. Fenariti kuwa a hankali ake yin sa. Yaro zai baro 'yan'uwansa a tsakiyar fili, ya yi ta tafiya shi kaɗai, ya ɗauki ƙwallo, ya jujjuya ta, ya ajiye, ya ja da baya. A kunnena an riga an buga an gama, a idona kuma yana nan tsaye yana jan numfashi. Mu ne muke fara bugu. Na farko ya ci, nasu ya ci. Na biyu ma haka. Ina faɗa, Baba na gyaɗa kai, yana ɗan gunaguni a kan ƙafar wannan da ƙugun wancan.

A bugu na uku mai sharhi a rediyo ya yi wani irin ihu na takaici. A talabijin yaronmu bai gama ja da baya ba. Ƙaramin yaro ne, ya ɗaga kai sama yana motsa baki, addu'a yake yi.

"Baba, ka shirya," na ce. "Ba za ta shiga ba."

Baba bai dube ni ba. Ya ƙura wa yaron ido, ya ce a hankali, "Wayyo ɗana." Yaron ya taso da gudu da dukan begensa, ya ɗirka ta a jikin turke. Mu kuwa mun riga mun yi masa makoki tun yana addu'a. Na ji kamar ni na karkatar masa da ƙafa.

Nasu ya ci, suka wuce mu. Namu na huɗu ya ci. Sai nasu na huɗu ya taho, wani dogo mai taƙama, rediyo ya fashe da murna a kunnena har na zabura. Na kama hannun Baba na ce, "Gola zai kama! Zai kama!" Muka ga golanmu ya miƙe kamar an harba shi, ya ture ta da yatsu. Duk da ƙarar janareta sai da ihun unguwa ya shigo ta taga. Na juyo ina dariya don in ga murnar Baba, tsohon gola da ya ga ɗan'uwansa ya yi abin da kowane gola ke mafarki. Sai na tarar yana zaune yadda yake, ya ce, "To, madalla." Iyakar abin da ya ce ke nan. Dariyar ta maƙale mini, ban san dalili ba.

Aka gama biyar-biyar ana daidai. Yanzu kuma sai ɗaya-ɗaya, duk wanda ya ɓarar, abokin karawarsa kuma ya ci, an gama. Wanda ya fito mana irin masu rawar nan ne da Baba ba ya so. Na ji abin da na ji, na faɗa. Ya yi tsallensa, ya tsaya, golansu ya ƙi motsi, ya tura masa ita a hannu kamar saƙo. Saura nasu. Idan ta shiga mun fita.

Na dubi Baba. Zufa ta tsattsafo masa a goshi, wata jijiya a gefen kansa tana harbawa ina ganinta. Na gyara abin kunnena na matsa kusa da shi. A talabijin ɗan wasansu ya fara barin tsakiyar fili.

"Uwata," in ji Baba. "Cire."

Na ɗauka ban ji daidai ba.

"Cire abin nan daga kunnenki."

"Kada ki kuskura!" Mama ta faɗa daga bakin ƙofa, kofin da ke kan tiren yana kaɗawa. "Ki bar shi ya yi ta faɗa. Ba shi zai zauna a asibiti ba, mu ne."

"Baba, mun yi alkawari," na ce.

"Na sani. Wannan ɗaya kawai." Ya juyo ya dube ni sosai, karon farko tun da aka fara bugun. Ba tsawa ya yi mini ba, da tsawa ce da na iya ƙi. Roƙo na yake yi, da bakinsa da bai gama miƙewa ba.

A kunnena mai sharhi na cewa an ajiye ƙwallo. Na san idan na ƙara jinkiri kaɗan zan ji, kuma idan na ji ko ban yi magana ba fuskata za ta faɗa. Na tuna maganar likita. Na tuna hanyar da na baro ba mota ba keke, da maƙwabcinmu a cikin ihun gidan kallo. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba, na kuma ji haushinsa, haushi sosai, da ya ɗora mini wannan zaɓin ni kaɗai. Mama na kiran sunana. Na fizge igiyar, na kifa wayar a kan kujera.

Har yau ban ga wannan bugun ba. Baba nake kallo. Ya zamo gaba zuwa bakin kujera, ya damƙe kan sandarsa, kafaɗunsa suka sauko yadda na sha gani a tsohon hotonsa na gaban raga. Numfashinsa na fita da sauri. Yana magana ƙasa-ƙasa da golanmu kamar yana jin sa. "Tsaya. Kada ka faɗi. Bar shi ya fara nunawa. Tsaya, yaro, tsaya." Hasken talabijin na wasa a fuskarsa. Na ji usur. Na ga idanunsa sun buɗe, bakinsa ya buɗe, duk jikinsa ya karkata gefe guda.

Sai unguwa ta yi wani irin nishi, daga nan ba ka jin komai sai janareta. Ta shiga.

Baba ya koma baya ya faɗa jikin kujera. Sandar ta zame ta faɗi ƙasa. Idanunsa a rufe, kansa ya langaɓe.

"Yesu!" Tiren ya kufce wa Mama. Ta tsallake kofin ta iso kansa tana jijjiga shi. "Maigida! Maigida!"

Na rarumi wayar na kira mai keke, tana ta ƙara ba a ɗauka. Na sake kira. Da ɗaya hannun ina lalubar wuyan Baba, amma na kasa bambance bugun jininsa da nawa. Na kira shi, na sake kiransa. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka a haka ba. A raina na riga na fara tunanin yadda zan goya shi zuwa bakin titi.

Sai ya ja dogon numfashi. Bai buɗe ido ba ya ce, "Ya yi saurin faɗuwa. Na ce masa ya tsaya."

Mama ta ɗaga hannu ta ɗaka masa duka a kafaɗa, duka na gaske, sannan ta durƙushe a gaban kujerar ta kifa kai a gwiwarsa tana kuka. Na sa shi ya ɗaga hannayensa biyu, ya ɗaga. Na sa shi ya yi murmushi, ya faɗi ranar da muke, ya matse yatsuna, duk yadda aka koya mini a asibiti. Ya yi duka, yana cewa in bar shi ya sha iska. Ban bar shi ba. Na jawo na'urar na fara naɗa masa a dantse, ina faɗa, ban ma san me nake faɗa ba. Na ce masa mugu ne, ba ya tausayinmu, a kan yaran da gobe za su hau jirgi su koma harkarsu zai kashe mu da ranmu.

Ya bar ni na gama. Na'urar ta fara matse masa hannu, muna jira. Jinin ya hau, ya hau sosai, sai da muka zauna a kansa muna sake aunawa kafin ya fara sauka. A cikin wannan jiran ne ya ɗora hannu a kan Mama, ya dube ni, idanunsa jajur.

"Uwata, kada ki yi fushi," ya ce. "Tun da na dawo daga asibiti, kowa riga na yake sanin abin da zai same ni. Likita ta sani, uwarki ta sani, ke ma kin sani. Ni sai dai a faɗa mini in shirya. Yau dai tare muka ji."

Na sunkuya na kwance abin awon, na sake naɗawa, don na farkon a karkace na ɗaura shi.